Littafin aikin 'yan lissafi: mu da 8,589,869,056

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Shugaban makaranta ya ce kowace ƙungiyar ɗalibai ta fito da abin nunawa kafin a shiga azumi. 'Yan kimiyya za su haɗa sabulu, 'yan noma za su kawo latas da albasa, mu kuwa 'yan lissafi muka zauna muna kallon juna. Da na ga shirun ya yi yawa sai na tashi na rubuta 8,589,869,056 a allo, na ce ga aikinmu na mako shida. Za mu san ta ciki da bai, mu gano duk gidan da take shiga, kuma ba za mu faɗi komai a kanta ba sai abin da muka tabbatar da hannunmu. Kwafowa daga waya na hana.

Su tara ne, mata huɗu maza biyar. Kiran lambar ma ya cinye mana minti ashirin: biliyan takwas da miliyan ɗari biyar da tamanin da tara da dubu ɗari takwas da sittin da tara, sannan a ja numfashi a ce da guda hamsin da shida. In ba a sa "guda" ɗin nan ba, mai sauraro zai ɗauka hamsin da shidan ma cikin dubbai take. Na gaya musu ta fi yawan mutanen duniya, waɗanda suka kai biliyan 8 a Nuwamba 2022. Ƙaramin cikinsu ya raba ta da yawan daƙiƙun shekara, ya ce in mutum zai ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya shekara 272 da 'yan watanni. Na duba, haka ne.

Ban gaya musu dalilin zaɓenta ba tukuna.

Laraba, 15 ga Janairu

Kalkuletocin makaranta masu gurbi takwas ne, lambarmu kuma gurbi goma gare ta. Ana danna na tara sai abin ya ƙi karɓa. Wata ɗaliba ta kawo na yayanta, irin na kimiyya mai gurbi goma, shi kaɗai muke da shi.

Tunda cika ce, ba mara ba, muka dinga raba ta biyu. 4,294,934,528, sai 2,147,467,264, sai 1,073,733,632, haka dai. Sau goma sha shida tana rabuwa lafiya lau, a na sha bakwai muka ci karo da 131,071, mara, ta ƙi. Ke nan lambarmu 65,536 ce sau 131,071. Monita ya lura 131,071 ninkin 65,536 ce a cire ɗaya, wato 2^17 − 1 (2^17 na nufin 2 guda goma sha bakwai a ninka su da juna). Na so in yi masa tafi, amma na daure.

Kuɗi: littafin rubutu babba ₦1,200, daga aljihuna.

Litinin, 20 ga Janairu

Yau muka daidaita kalmomi, don ina so allunan nunin su kasance da Hausa. Lambobin da ke shiga cikin wata lamba daidai ba saura, ban da ita kanta, yaran suka sa musu 'ya'yanta. 'Ya'yan 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6. Lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, wadda a aji muke cewa firam, muka raɗa mata gagara-raba. In aka tara 'ya'yan lamba suka zarce ta, mai rara ce, kamar 12 da 'ya'yanta suka ba da 16. In suka gaza, mai giɓi ce, kamar 10 da nata suka tsaya a 8. In kuwa suka zo daidai da ita, ba daɗi ba ragi, kamila ce: 6 ita ce 1+2+3, 28 ita ce 1+2+4+7+14.

Malamin Arabiyya ya leƙo ya tarar da mu muna gardamar sunayen. Ya ce ai malaman da sun riga mu: adadi tammi, za'idi da naƙisi. Ya zauna har muka tashi. A hanyar ofis yake tuna mini cewa garin nan namu na Katsina ya taɓa fitar da Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya yi littafi a kan tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, to sai ka zo ranar nuni ka faɗa musu da bakinka." Ya ce in sha Allahu.

Laraba, 22 ga Janairu

Na fasa musu ƙwan. Tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin lissafi na Girka, ya nuna cewa in aka zaɓi wata lamba p, 2^p − 1 kuma ta fito gagara-raba, to a ninka ta da 2^(p−1), abin da ya fito kamila ne. Da p 2, 3, 5, 7 ake samun 6, 28, 496, 8,128. Tamu ta p 17 ce, kuma ita ce ta shida a jeri.

Sai wani ya ce to Malam ai an gama, tunda 17 gagara-raba ce. Na ce ya gwada da 11. Ya samu 2,047, ya ninka da 1,024, ya kawo mini 2,096,128 yana murmushi. Na ce ya raba 2,047 da 23. Ta ba shi 89 cif. Murmushin ya tafi. Muka tara 'ya'yan 2,096,128 muka samu 2,325,392, ashe mai rara ce. Ke nan duk ginin a kan abu ɗaya ya tsaya: shin 131,071 gagara-raba ce da gaske?

Asabar, 25 ga Janairu

Na zauna a gida na lissafa. 362 sau 362 shi ne 131,044, 363 sau 363 ya zarce 131,071, don haka in tana da mai raba ta, dole a samu wata gagara-raba da ba ta wuce 362 ba ta shiga cikinta. Gagara-raban da ba su wuce 362 ba guda 72 ne, ta ƙarshe 359. Takwas-takwas ga ɗalibai tara, ya zo daidai kamar an auna.

Litinin, 27 ga Janairu

Raba aikin. Kowa takwas, da hannu, a rubuta saura.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau an ɗan yi rikici. Biyu ba su zo ba, hazo ya sa musu mura. Cikin bakwan da suka zo, ɗaya ya shigo yana ihu wai ya karya lambar, 53 ta shiga cikinta. Ajin ya ruɗe, ni ma gabana ya ɗan faɗi ko da na san ba zai yiwu ba. Muka sake a allo: 53 sau 2,473 shi ne 131,069, saura 2. A layin ƙarshe ya ci biyun, don ransa na son ta shiga. Sai da na hana sauran yi masa dariya, domin dukkansu na samu kuskure aƙalla ɗaya a takardunsu. Nasu dai bai fito da sifili ba, shi ya sa babu wanda ya kula.

Wannan ya dame ni fiye da ihun nasa. Kuskuren da ya ce "ta shiga" kowa zai taso a duba. Wanda ya ce "saura 41" alhali saura 14 ne, shiru zai wuce. In kuma gaskiyar amsar sifili ce aka rubuta wani abu, shi ke nan mun shaidi lamba da ƙarya. Na sa doka: kowane rabo mutum biyu za su yi shi daban-daban, sannan a ninka a mayar a ga ya koma 131,071.

Haka Pietro Cataldi ya yi a Italiya a 1588, rabo bayan rabo, ya tabbatar da 131,071 da 524,287. Amma da ya wuce inda jadawalinsa na gagara-raba ya tsaya sai ya koma hasashe, ya ce in p ta zama 23, 29, 31 ko 37 ma za a samu gagara-raba. Cikin huɗun 31 kaɗai ta tsira. 47 tana raba 2^23 − 1, 233 tana raba 2^29 − 1, 223 tana raba 2^37 − 1.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An kammala duka 72, kowanne da shaidu biyu. Babu sifili ko ɗaya.

Bayan sun gama shan wahalar ne na nuna musu gajeriyar hanya, kuma sun yi fushi da ni, da gaskiyarsu. Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, ya gano a 1640 cewa in p gagara-raba ce mara, duk gagara-raban da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p a ƙara ɗaya. A wajenmu ninkin 34 ke nan da ɗaya: 35, 69, 103, 137, 171, 205, 239, 273, 307, 341. Gagara-raba a ciki huɗu ne kacal, 103, 137, 239 da 307. Saura 55, 99, 99, 289. Rabo huɗu maimakon 72.

Wadda ta kawo kalkuleta ta ce, "Malam, 99 sau biyu? Wani ya kwafi na wani." Muka duba, babu kwafi. 137 sau 956 shi ne 130,972, 239 sau 548 ma 130,972, domin 956 ɗin 4 ce sau 239, 548 kuma 4 ce sau 137. Dacewa ce kawai, amma na ji daɗin da ta yi zargin.

Muka koma kan 2,047 don gwada ƙa'idar: 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 ita ce 88 da ɗaya. Ta zauna.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Tara 'ya'ya. Kashi na farko 1, 2, 4, 8 har 65,536, su goma sha bakwai, jimla 131,071. Kashi na biyu 131,071, 262,142, 524,284 har 4,294,934,528, su goma sha shida, jimla 8,589,737,985. Haɗa biyun: 8,589,869,056. 'Ya'ya 33, da ita kanta 34. Wanda ya yi tarawar ƙarshe a allo ya ajiye alli ya koma kujerarsa bai ce uffan ba, sai can ya ce, "Wallahi ta dawo."

Kwali shida ₦3,000, maka uku ₦1,500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar ɓacin rai. Malamin kwamfuta ya ce in zo gidansa mu sa na'ura ta shaida abin da muka yi. Ya rubuta ɗan shiri da Java, wani harshen kwamfuta, ya ninka 65,536 da 131,071, sai allo ya nuna −65,536. Lamba a ƙasa da sifili! Muka yi ta kallon ta kamar an yi mana asiri. Ya sake rubutawa, haka. Ya kashe ya kunna, haka.

Sai da muka sha shayi ya dafe kai. Akwatin da ya zuba lambar a ciki mai gurbi 32 ne na 0 da 1, iyakarsa 2,147,483,647. Tamu kuwa gurbi 33 take buƙata. Na'urar ta sare kan lambar ta jefar ba tare da ta ce komai ba, ragowar kuma ta karanta ta a matsayin bashi. Abin dariyar shi ne iyakar nan da ta kayar da mu ita ce 2^31 − 1, wadda masanin lissafi Euler ya tabbatar gagara-raba ce a 1772, uwar kamila ta takwas. 'Yar gidan su ɗaya da tamu.

Ya sauya zuwa akwati mai gurbi 64, amsa ta fito daidai. Daga nan ya sa na'urar ta gwada kowace lamba daga 1 har rabin tamu, sama da rabo biliyan huɗu, a tsohuwar laftof ɗin da batirinta ba ya riƙe caji. Tana cikin nishi aka ɗauke wuta, ta mutu. Na ce masa ai 'ya'ya tagwaye suke zuwa, in ka samu ƙarami ka samu babba, don haka mu tsaya a 92,681. Muka je shagon caji a bakin titi, muka biya ₦300, kafin ya ɗaga yatsa daga madanni ta jero 34 ɗin.

A nan kuma muka samu wani bayani kyauta: 92,681 sau kanta 8,589,767,761 ne, 92,682 sau kanta ta zarce. Ke nan lambarmu ba ta cikin masu murabba'i, wato waɗanda ake samu in an ninka lamba da kanta. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ₦800.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kai musu labarin −65,536, ya zama darasin ƙirgar bibbiyu. A 0 da 1, lambarmu 1 ce guda goma sha bakwai a jere, sannan 0 guda goma sha shida. 6 ita ce 110, 28 ita ce 11100, 496 ita ce 111110000. Kwali guda muka ware wa wannan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wake gwangwani ɗaya ₦500. A kan teburin malami muka jera shi alwatika: ƙwaya ɗaya a sama, biyu a ƙasanta, uku, haka. Layi uku ya ba da 6, layi bakwai 28. Don 496 sai da muka sauka ƙasa, layi 31, yara huɗu a durƙushe suna tura ƙwayoyi da bakin rula don layukan su miƙe. Mun kai layi na 26 aka buɗe ƙofa, iskar hunturu ta shigo da takardu, wani ya yi tsalle zai kama tasa ya taka tsakiyar alwatikar. Muka tsince muka sake. Ranar nuni da gam za mu manna a kwali.

8,128 layi 127 take so. Tamu 131,071. In kowane layi ya ci santimita ɗaya, tsawon alwatikar ya haura kilomita 1.3. Ba mu buƙaci waken ba: jimlar 1 zuwa n ita ce n sau n+1 a raba biyu, 131,071 sau 131,072 a raba biyu kuwa ya koma 131,071 sau 65,536. Tana kuma cikin lambobi masu kusurwa shida, masu siffar n sau 2n−1, inda n take 65,536. Wannan a takarda kawai muka yi, waken ya ishe mu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ƙananan abubuwa. Tara gurabenta ya ba da 64, sai 10, sai 1. Haka 28, 496 da 8,128 duk suke ƙarewa a 1, 6 ce kaɗai ta fita daban. Sai tara maran lambobi da aka ninka kowace da kanta sau uku, kamar 3 sau 3 sau 3: 28 ita ce 1+27, 496 ita ce 1+27+125+343. Tamu ta ɗauki 256 na farko, na ƙarshensu 511 sau 511 sau 511, wato 133,432,831. Malamin kwamfuta ya tara mana, mu kuma muka bi ta ƙa'ida, aka haɗu.

Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne ƙaryata zato. Nikomakus, wani masanin lissafi na wajen shekara ta 100, huɗun farko ya sani, kuma Sabitu bin Ƙurra ya mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. An daɗe ana ɗauka kamilai bi da bi suke ƙarewa, 6, 8, 6, 8, kuma ta biyar gurbi biyar za ta yi. Ta biyar ɗin, 33,550,336, ta zo da gurbi takwas. Tamu kuma da ya kamata ta ƙare da 8 ta sake ƙarewa da 6. Isma'ila bin Fallus ya riga ya rubuta ta a ƙarni na 13, tare da ta biyar da ta bakwai, sai dai a jerin nasa akwai waɗanda ba kamilai ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na so mu ƙara shaida ta uku, gwajin da masanin lissafi Lucas ya faro, wanda da shi ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876, Lehmer kuma ya gyara shi a 1930. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da 131,071, a riƙe saura, a maimaita. In mataki na 15 ya ba da sifili, gagara-raba ce. 14, 194, 37,634, 95,799, 119,121, muka ci gaba har ƙarshe. Ba sifili ba.

Awa ɗaya da rabi muna neman ɓarakar, har mai gadi ya zo yana kaɗa mukullai. A mataki na shida take. 119,121 sau kanta 14,189,812,641 ne, gurbi goma sha ɗaya, kalkuletanmu kuwa goma yake nunawa. Ya haɗiye 1 ɗin ƙarshe, mai rubutu ya cike gurbin da 0. Saura ya fito 66,178 maimakon 66,179, kuma tunda kowane mataki a kan na baya yake hawa, duk taran da suka biyo baya shirme ne. Karo na biyu ke nan na'ura tana yanke mana lamba ba sallama.

Mai zargin 99 ce ta kawo mafita. Ta ce 119,121 ai saura 11,950 ta cika 131,071, me zai hana mu ninka 11,950 ɗin, tunda sauran ɗaya zai fito? Da wannan dabarar ba za mu taɓa ninka abin da ya wuce 65,535 ba, amsar kuma ba za ta haura gurbi goma ba. Lokaci ya ƙure, sai Litinin.

Litinin, 24 ga Fabrairu

66,179, 53,645, 122,218, 126,220, 70,490, 69,559, 99,585, 78,221, 130,559. A nan na ce kowa ya ajiye kalkuleta. 130,559 saura 512 ta cika. 512 sau 512 shi ne 262,144, a cire 2 ya zama 262,142, ninkin 131,071 daidai. Sifili.

Irin gwajin nan kwamfutocin GIMPS, ƙungiyar masu farautar gagara-raba masu siffar 2^p − 1, suke amfani da shi don tabbatarwa, kuma a Oktoba 2024 suka samu 2^136,279,841 − 1 mai gurabe 41,024,320, ta 52 a irinta. Euler ya nuna duk kamilar da take cika, ba mara ba, ta hanyar Yuklid take fitowa, saboda haka kamilai 52 aka sani. Ko akwai kamila mara, har yau babu wanda ya samu ko ya kore ta, an dai tabbatar in tana nan ta fi 10^1500. Monita ya ce shi zai nemo ta. Na ce ya fara gama rubuta kwalinsa.

Gam da kwali biyu na ƙari ₦1,700. Jimla zuwa yau ₦9,000. Makaranta ta yi alkawarin mayar mini da ₦5,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An yi nuni. Sabulu ya fi mu jama'a nesa ba kusa ba. Amma alwatikar wake ta tsayar da mutane, har wani uba ya tsuguna ya ƙirga layi bakwai da yatsa don ya ga 28 ɗin da idonsa. Malamin Arabiyya ya cika alkawari, ya zana hatimi mai gida tara a allo, yaran suka nuna masa jimlarsa 45 ma alwatika ce. Shugaban makaranta ya tambayi amfanin lambar, ƙaramin cikinsu ya ce, "Yallaɓai, ta kama kwamfuta da kalkuleta suna ƙarya." A kwali na uku an rubuta 131,017 maimakon 131,071, ban gani ba sai bayan an watse.

Bayan sallah za mu hau ta bakwai, 137,438,691,328, wato 262,144 sau 524,287. Na riga na tace ninkin 38 da ɗaya har 724, gagara-raba shida suka rage: 191, 229, 419, 457, 571, 647. Wannan karon ba zan sa su rabo da duk jerin ba. Gurbi goma sha biyu gare ta, don haka sai an sayi kalkuleta irin na 'yan kasuwa. Na taya ɗaya ₦6,500, mai shagon ya ce ₦8,000, na ce zan dawo in ₦5,000 ɗin ta fito.